Wasiƙa Daga Brik: Wa Ake Gadi a Makabarta?

Briqueterie, Yawunde

Aminina,

Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da sauran mutanen gida. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Damina ta biyu ta kankama, ka san mu sau biyu muke yin ta a shekara, ruwa ba dare ba rana, jar lakar Yawunde ta hana kowa sa fararen kaya in ba ranar Juma'a ba. Masu tsire dai ba abin da ya sha musu kai. La'asar na yi hayaƙi zai turnuƙe bakin titi, mutanen gari su yi ta tururuwa daga unguwanni suna neman soya da kilishi.

Saƙonka ya iso, tare da shafukan da yaronka Mai-sunan-Malam ya rubuta. Na karanta su a zaune ɗaya, kuma wallahi yaron nan yana da hannu. Saurayin da ya ƙirƙiro, wanda ya gaji gadin makabarta daga kakansa, yake kwana da takobi da guru yana mayar da matattun da suka ƙi kwanciya cikin kaburburansu, ya shiga raina. Ka ce in bincika maka ko akwai mai irin wannan sana'a a nan, tunda mutanen Kano kun riga kun yanke cewa duk wani abin al'ajabi a Kamaru yake kwana. To, na yi tambaya, na kuma yi tunani, amsar ta fi ƙarfin saƙon waya. Shi ya sa na ɗauko takarda.

Ni da kai da labarin fatalwa muka tashi. Ka tuna yadda ake ba mu shi: wane ya rasu a Kano, an yi masa sutura, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, bayan shekaru sai wani falke ya gan shi a kasuwar Kumasi yana sayar da goro, ya yi aure har da 'ya'ya, yana kiran sunansa na gida sai ya neme shi ya rasa. A nan ma ana ba da irinsa, garuruwan ne kawai ke sauyawa, a mutu a Garwa a ɓulla a Duwala. Amma ka lura, fatalwarmu ba ta cizo, ba ta kai hari, kunyar idon sani ma take ji. Ban taɓa jin garin da ya ajiye mutum a bakin kabari don ya hana ta fita ba. Ƙayar da kakanninmu ke jibgawa a kan sabon kabari a ƙauye, don kura ce. Tsoron da ya fi yawa a wurinmu na maye ne, shi kuwa kurwar mai rai yake kamawa, maganinsa a sa shi ya tsallake marar lafiya. Babu ruwan makabarta a ciki.

Kuma malamanmu na zaure ba su bar mana ƙofa a nan ba. Kusa da ƙarshen Suratul Muminun an ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ya gyara aikinsa, aka ƙi, aka ce akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Barzahu ke nan. Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa wanda aka kashe ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsu ne ke fita daga kansa yana kuka a kan kabarinsa har sai an zubar da jini, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan. Wanda ya rantse ya ga mamaci da idonsa, malamai kan ce masa shaiɗan ne ya ari siffa. Saboda haka in jarumin yaron nan Musulmi ne, a garin Musulmi, mai karatu Bahaushe zai tsaya ya ce, to su wane ne waɗannan da ke tashi? Dole ya tanadi amsa. Ba hana shi nake ba, mu da muka girma da Dodo da Gizo ba mu da bakin hana yaro ƙirƙira. So nake labarin ya tsaya da ƙafarsa.

Inda Kamaru za ta yi masa amfani shi ne nan kudu, domin a nan tsoron mamacin da bai kwanta ba da gaske ake yin sa, har gobe. Mutanen Duwala na ce masa ekong, Bakweri na gindin Dutsen Kamaru na cewa nyongo, Bamileke na cewa famla, Ewondo da muke zaune a ƙasarsu na cewa kong. Maganar ɗaya ce. Mai neman dukiya ido rufe ya shiga ƙungiyar asiri, a ce ya kawo mutum, ya ba da ɗan'uwansa ko ɗan cikinsa. Wanda aka bayar ya kwanta ciwo, ya mutu a idon jama'a, a binne shi. Da dare sai a je a kira shi, ya fito, a kora shi zuwa Dutsen Kupe, can ƙasar Bakossi, ya yi ta bauta a gonakin da ido ba ya gani, ribar tana shiga aljihun wanda ya sayar da shi. Maƙwabcinmu a kasuwar Mokolo, mutum mai ilimi da zuwa coci, in wani ya yi kuɗi farat ɗaya kuma aka yi rashi a gidansa, ba ya ko rage murya wajen faɗin abin da yake zargi.

Ka ga bambancin da finafinan matattu masu tashi da yaranmu ke kallo a waya? A nan wanda ya tashi daga kabari ba shi ne abin tsoro ba, shi ne abin tausayi. An hana shi hutu, an mayar da shi lebura. Mugun yana nan da ransa, da motarsa, da gidan bene.

Wannan ya daɗe yana ci mini rai, domin ba daga sama tsoron ya faɗo ba. Wani fada na Katolika, Bafaranshe, Eric de Rosny, ya zo Duwala a 1957, ya zauna da masu maganin gargajiya har suka karɓe shi, ya fitar da littafi a kan haka a 1981. Ya ce waɗanda ke jin an kama su da ekong sukan yi mafarkin an ɗaure musu hannu ana jan su zuwa bakin ruwa. Wanda ya san Bimbia, kusa da Limbe, inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa, ba sai an fassara masa wannan mafarki ba. Bayan cinikin bayi Jamusawa suka zo a 1884, suka ƙwace ƙasar Bakweri suka yi manyan gonaki, suka riƙa kwaso ma'aikata daga nesa, da yawa ba su koma gida ba. Faransawa suka karɓi mafi yawan Kamaru, suka ja layin dogo da aikin tilas ta Njock har ya iso Yawunde a 1927, mutane suka mutu ba adadi a wajen fasa duwatsu, kuma sai 1946 aka soke aikin tilas a dokance. Jama'ar da aka yi wa haka zuriya bayan zuriya, ɗanka ya tafi aiki bai dawo ba, wani kuma ya yi arziki da tafiyarsa, me zai hana su yarda cewa ko kabari bai isa ya ɓoye mutum daga mai son guminsa ba? Kuma gaskiya ɗaya ce, aminina, kakanninmu fatake da suka biyo ta Tibati da Yoko da Ngila suna sayen hauren giwa da goro, ba dukkansu za a wanke daga cinikin mutane ba. In Mai-sunan-Malam zai taɓa wannan labari, kada ya taɓa shi kamar ɗan kallo.

Su ma waɗancan finafinan asalinsu irin wannan tsoron bauta ne. Daga Haiti Amurkawa suka ɗauko, ƙasar bayin da suka yi tawaye suka ƙwaci kansu a 1804, inda babban tsoro shi ne boka ya tashe ka ya sa ka noman rake bayan mutuwa. Masu fim suka zubar da bautar suka riƙe tsoratarwar, tun daga fim ɗin George Romero na 1968 gawa ta koma mai cin naman mutane.

Yanzu ga abin da ya fi kusa da sana'ar da ka tambaya. Wani Bature ɗan Ingila, Edwin Ardener, da ya zauna cikin Bakweri a shekarun 1950, ya rubuta cewa a lokacin mutum ko yana da hali ba ya yarda ya yi rufin kwano, domin gidan kwano alamar mai nyongo ce, ana cewa matattunsa ne suka gina masa. Sai kuɗin ayaba ya shigo ta hanyar ƙungiyar manoma. Abin da ƙauyuka suka fara yi da kuɗin shi ne karo-karo, suka aika ƙasar Banyang, wajen Mamfe, aka ɗauko musu Obasinjom. Dodo ne mai doguwar riga da kai irin na kada, yana rawa yana zagaya gari, yana nuna inda aka ɓoye kayan asiri, ana tonowa ana ƙonawa. Bayan ya gama zagayensa mutane suka saki jiki, gidajen kwano suka cika gari. To ka ga ma'aikacin da aka biya kuɗi don ya raba jama'a da matattu masu yawo. Amma ko shi ba a bakin kabari ya tsaya ba. Gidajen masu rai ya shiga.

Nan kuma ne nake jin tsoron abin, domin yatsan da ke nuni ba ya rasa wanda zai nuna. Dokar laifuka ta ƙasar nan, sashe na 251, ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ga mai sihiri, kuma a shekarun 1980 kotunan Gabas, wajen Bertoua, sun ɗaure mutane bisa shaidar bokaye. Mu ma a gida ka san wa ake kira mayya: tsohuwar da ba ta da ɗa namiji tsayayye, ko baƙon da ba shi da dangi a gari. In yaron nan ya ba jaruminsa ikon gane mugu da ido, to ya nuna mana ranar da ya nuna wanda bai ji ba bai gani ba, da yadda ya kwana da wannan.

Bari in dawo unguwarmu, domin a nan ne na sami amsar da ta gamsar da ni.

Maƙwabtanmu Kirista ba sa gaggawa da gawa. Takan yi makonni a ɗakin sanyi na asibiti ana shiri, ranar Alhamis ko Juma'a ka ga jerin motoci da hoton mamaci sun nufi ƙauye. A can a ƙofar gida ake binne shi, cikin akwati, a zuba siminti, a shafe da tayil. Bamileke masu bin al'ada ma bayan shekaru sukan ciro ƙoƙon kan mahaifi su ajiye a gida. Wato su mamacinsu yana tsakar gida, idon dangi na kansa safe da yamma. Mu kuwa wanda ya cika da asuba, kafin la'asar an kai shi. Kuma ka ga Brik da idonka lokacin da ka zo. Tun da Faransawa suka tattara Hausawa a nan Ekoudou a shekarun 1930, kusa da inda ake gasa bulo wanda unguwar ta ci sunansa, ake ta ƙaruwa ba a faɗaɗa ba. Lungu wani ko makara da ƙyar take juyawa. Masu rai ba su sami wurin shimfiɗa ba, balle matattu. Sai a yi salla a nan, a sa gawa a mota, a fita bayan gari ta wajen Soa, tafiyar da in an ci karo da cunkoso sai a kai sa'a guda. A binne, a yi addu'a, kowa ya kama hanya kafin duhu. Ku a Kano makabartar Dandolo tana nan gindin Goron Dutse, mai wucewa na yi musu sallama, mai zuwa kasuwa na leƙawa. Mu namu suna can su kaɗai cikin ciyawa.

Kabarinmu kuma ka san yadda yake. A haƙa uwa, a fitar da 'ya daidai kwanciyar mutum a kan damansa yana fuskantar alƙibla, a jera itace, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tura sauran. Ba akwati, ba siminti, likkafani ne kawai. Haka sunna ta koyar, kuma ni ban ga abin da ya fi shi kyau da tawali'u ba. Sai dai abin da ya zo da sauƙi ga mai binnewa, ya zo da sauƙi ga mai tonewa. A shekarun nan jandarmomi sun sha kama mutane da buhunan ƙasusuwan mutane, musamman a yankin Noun, wajen Fumban da Fumbot, ƙasar Bamun inda Musulmi suka fi yawa, a jera su gaban 'yan jarida da abin da suka tono a shimfiɗe a ƙasa. Jita-jita ce ke ruɗar samari, wai cikakken ƙwarangwal miliyoyin sefa ne, wai ana haɗa magani, wai ana asirin kuɗi. Yaro ya rasa aikin yi, a ce masa arzikinsa na kwance a bayan gari ba mai tsaro, sai ya ɗauki shebur. Ranar da na fara ganin irin hoton nan ban iya cin abinci ba. Uwar wani ce fa a cikin buhun.

Ba yau aka fara ba kuma. Ka tuna a littafin Risala, babin haddi, inda aka zo maganar sata aka ambaci mai fitar da likkafani daga kabari? Malikiyya sun ɗauki kabari a matsayin ma'ajiya, mamaci kamar yana cikin ɗakinsa ne, wanda ya shiga ya ɗauka hukuncin ɓarawo ne a kansa. Ga kuma hadisin Nana A'isha da ke nuna karya ƙashin mamaci daidai yake da karya shi yana raye. Turawa ma sun sha nasu. A Ingila da Sikotlan, farkon ƙarni na 19, makarantun likita na sayen gawa don koyon fiɗa, sai aka sami masu sana'ar tono da dare. Dangi suka riƙa kwana a makabarta da fitila da bindiga, aka gina ɗakunan gadi, aka riƙa kifa kejin ƙarfe a kan sabon kabari. A Edinbura a 1828 wasu mutum biyu, Burke da Hare, ba su ma tsaya tono ba, kashewa suka riƙa yi suna sayarwa. Sai da aka yi dokar 1832 da ta ba likitoci halastacciyar hanya sannan abin ya lafa. Duk inda na duba aka taɓa biyan mutum ya kwana a makabarta, bayansa ne ke ga kaburbura, fuskarsa na ga ƙofa.

Kwanakin baya mun kai wani dattijon layinmu, Allah ya jiƙansa, wata makabarta da ba sai na kama sunanta ba. Da aka watse na tsaya wajen tsohon da ke kula da wurin, na ba shi goro, muka zauna a rumfarsa ta kwano muna jiran ruwa ya tsagaita. Na kawo masa tambayar yaronka kai tsaye, ko ya taɓa ganin wani ya tashi. Bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Ya ce shi tun yana da baƙin gashi yake nan, bai taɓa ganin na kwance ya motsa ba, kuma da dare in ya ji motsi addu'arsa ita ce Allah ya sa kare ne, domin mai tocila ya fi kare haɗari.

Sannan ya shiga lissafa mini aikinsa, ni kuwa na yi shiru. Ruwan Yawunde ba ya wasa, gari ne na tuddai, in aka kwana ana yi sai ƙasa ta zauna, itace ya ruɓe, kabari ya rufta. Da gari ya waye zai bi layi-layi da shebur yana cikewa, tun kafin dangi su zo su ga abin da zai hana su barci. Ciyawa a nan mako biyu ta kai gwiwa, ga macizai a ciki, da adda yake bin ta. Ga karnuka. Ga samari masu shaye-shaye da suka gane ba mai bin su nan. Ga masu gini a gefe da ke matso da iyaka taku ɗaya bana, taku ɗaya baɗi, in ba wanda ya tsaya sai a wayi gari an kafa tushen ɗaki a kan mutane. In ya haƙa sabon rami ya ci karo da ƙashin wani na da, ya san yadda zai tattara shi da ladabi ya mayar gefe ya rufe, bai taɓa faɗa wa kowa na wane ne ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. Mu ba ma rubuta suna a dutse, in an yi ƙoƙari a kafa ɗan allon kwano, damina biyu ya yi tsatsa ya faɗi. To duk taswirar wurin a kansa take. Yaro zai zo daga Faransa ko Gabon, mahaifinsa ya rasu ba ya nan, shekara goma ta wuce, ya ce Baba ina kabarin wane? Tsohon nan ya tambaye shi shekarar da watan, da rani ne ko da damina, wa ya yi masa salla, sai ya miƙe ya ratsa ciyawa ya tsaya ya ce nan ne. Ya ce wani in ya nuna masa sai ya durƙushe yana kuka kamar yau aka yi rasuwar, shi kuma ya koma nesa ya ba shi wuri. Na ce to ranar da ba ka fa? Ya buɗe hannu. Ba littafi, ba magaji, 'ya'yansa sun ce ba za su yi aikin da ba albashi ba, kuma bai ga laifinsu ba. Abin da masu kawo gawa suka miƙa masa shi ne abincinsa, wata rana a ba shi, wata rana kowa na cikin jimami a manta.

Mu fa, aminina, da bakinmu muke cewa suturta mamaci farilla ce ta kifaya, in wasu suka yi sun ɗauke wa kowa, in aka bari kowa ya yi laifi. Wato wannan tsoho da irinsa nauyin gari guda suke ɗauke da shi. Amma wa zai ba shi 'yarsa? Wa ke kiransa walima? Wasu ko hannu ba sa son ba shi, kamar mutuwa a tafinsa take. Ku ma can haka ne. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, da manyan Kano suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ai masu haƙa kabari ne suka fara ɗaga murya cewa abin da suke binnewa a rana ya wuce ƙa'ida, tun hukuma na musu. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga kusan mutum 1,000, kuma rabi ko fiye na da alaƙa da cutar. Mutanen da ba su da takardar makaranta, da diga da shebur suka riga kowa sanin halin da birni ke ciki. A Kaduna ma BBC ta ba da labarin wani gida guda da ya shafe sama da shekara 50 yana haƙa kabari a makabartar Tudun Wada, daga iyaye zuwa 'ya'ya, ba tare da albashi ba. Ka ga gadon da yaronka ya ƙirƙira ashe yana nan a zahiri, takobin ne kawai babu.

Don haka ga shawarata gare shi, ka karanta masa wannan wurin da kyau. Kada ya yar da labarinsa. In yana son matattu su tashi, su tashi, amma ya tambayi kansa wa ya tashe su, me aka ci musu, wa ke cin riba. Ya bar jaruminsa da gurunsa in ya ga dama, amma ya ba shi shebur da tocilar da batirinta ke mutuwa, da mata mai tambayar kuɗin cefane, da ciwon baya. Ya sa shi ya san kowa da ke kwance da sunansa da na ubansa. Mutumin da ya san su haka, in ya ga ɗayansu a tsaye da dare ba sara zai fara kaiwa ba, sunansa zai kira, ya ce wane, me ya fito da kai? Daga nan labarin zai zama namu, ba wanda zai ce daga fim aka kwaso. Kafin ya ƙara rubuta shafi ɗaya kuma, ka kama hannunsa ku je makabartar Dandolo ko ta Tarauni da hantsi, bayan an sallami jana'izar safe, ku tafi da goro da ɗan abin hasafi, ku zauna da masu haƙa. Ya rufe littafinsa ya saurara. Kada ya fara da tambayar fatalwa, ya tambaye su yadda ƙasar rani take da ta damina, su da kansu za su kai shi inda yake so.

Ni ma ina da roƙo. Mun fara magana da wasu dattawan masallacinmu kan a riƙa tara wani abu duk Juma'a, a yanka wa tsohon nan albashi na wata, a sayi fitila mai aiki da hasken rana, sannan a sami yaro mai rubutu ya bi shi layi-layi da babban littafi tun yana da ƙarfin zagayawa. Maganar katanga ta fi ƙarfinmu yanzu, sai a hankali. Na ji ana cewa wasu makabartun Kano suna da kwamiti da rajista. Don Allah ka bincika mini yadda suke tsara ta, ko lamba suke ba layuka, ko shekara suke bi, da abin da suke kafawa a kan kabari wanda ruwa ba ya ci kuma malamai ba su yi inkari ba. In ka sami shafi ɗaya ka ɗauki hotonsa, ka rufe sunayen mutane, ka turo mini ta WhatsApp. Ina so in kai wa dattawan kafin ƙarshen wata, tun zancen yana da zafi.

Kilishin da uwargida ta ce a aiko yana nan, na ba wani ɗan'uwa da zai hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can ya bi ta Garwa ya shiga Yola, zai kira ka in ya iso. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. Ka gai da uwargida da yara, da mutanen majalisa baki ɗaya. Mai-sunan-Malam kuma ka ce ina jiran babi na biyu, da hannunsa nake so ya rubuto mini.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Brik